Yadda kaɗaici ya kusa kwantar min da Inna a cikin gidana

Na daɗe ina son rubuta wannan abu, sai in fara in goge, don da nauyi mutum ya fito ya faɗi kuskuren da ya yi wa mahaifiyarsa. Amma kwanaki wani abokin aikina ya same ni a ofis yana ta murna wai ya gama gyaran ɗaki, zai je Funtuwa ya ɗauko tsohuwarsa ta dawo wajensa gaba ɗaya. Na yi masa fatan alheri, na koma gida na kasa barci. Washegari na zaunar da shi na ba shi labarina, shi ne na ce bari in rubuta ma ko Allah zai sa ya amfani wani.

Mu 'yan Zariya ne, cikin birni. Baba, Allah ya jiƙansa, matansa biyu, Hajiya Babba ce uwargida, Inna da ta haife ni ita ce ta biyu. Sun yi shekara 40 da ɗoriya a tsakar gida ɗaya. Kuma ba zan ce muku zaman lafiya lau suka yi ba, a'a, kishi ne irin na mata, yau a yi cacar baki kan murhu, gobe kan faɗan yara, jibi kan igiyar shanya, sai Baba ya yi gyaran murya daga zaure kowacce ta shige ɗakinta. Haka muka taso muna gani har muka sa a ranmu cewa ranar da aka raba su kowa za ta samu sa'ida. Amma fa ko ana tsakiyar faɗa Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, Yaya take ce mata.

Sana'ar Inna ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Daga ta idar da sallar asuba an fara kenan, a soya gyaɗa, a murje, a fece, a kai inji, a dawo a hau matsa, tunkuza gefe mai gefe, kafin hantsi yara masu talla sun cika ƙofar ɗakinta, wannan ta aiko da kwalba a zuba mata na miya, waccan ta leƙo ta katanga tana tambayar ko akwai bashi zuwa Juma'a. Ita ce kuma uwar adashen matan layinmu, zubi da kwasa duk a hannunta, lissafin kuma a ka take yinsa don ba ta yi boko ba, ban taɓa jin an ce kuɗin wata ya salwanta ba. Da la'asar ta yafa mayafi sai islamiyyar matan aure. Ga suna ga biki ga dubiya ga gaisuwar mutuwa, duk da ƙafa take zuwa in dai cikin birni ne. Gidanmu ba ya minti goma ba a yi sallama ba. Tana da hawan jini tun da daɗewa amma tana shan ƙwayarta ɗaya da safe, shikenan, ba ya kwantar da ita.

Baba ya rasu a watan Oktoba na 2021. Suka yi takaba tare, wata huɗu da kwana goma, a tabarma ɗaya suke karɓar gaisuwa. Da aka zo rabon gado mu 14 ne, gidan ba zai rabu ba, aka yi shawara a sayar kowa ya ɗauki nasa. Hajiya Babba ta koma gidan Yayanmu a Tudun Wada. Ni kuma ni ne ɗan farin Inna, ina aiki a Abuja ina zaune a Kubwa, na tsaya kai da fata sai na tafi da ita. Hujjata ita ce ta sha wahala, hayaƙin itace ya cinye mata ido, lokaci ya yi da za ta miƙe ƙafa ta huta. Ƙanwata ta ce Yaya anya kuwa? Na ce ke dai bari. Kuma in zan faɗi tsakani da Allah akwai ɗan girman kai a ciki, ba na so a ce ga ɗanta na aikin gwamnati ita tana tuyar ƙuli. Da aka faɗa wa Inna ba ta ce komai ba sai "to, duk yadda kuka yi daidai ne."

A farkon Maris na 2022 muka hau jirgin ƙasa a Rigasa muka sauka a Kubwa. Na gyara mata ɗaki mai banɗaki a ciki, katifa sabuwa, fanka, talabijin, rediyo, har firji ƙarami na sa mata. Na ce mata 'yan uwa za su riƙa zuwa tunda ga jirgi, ita ma duk wata zan kai ta gida. Ba a yi wata guda ba, ranar 28 ga Maris, aka kai wa jirgin nan hari aka kashe mutane aka kwashe wasu, aka tsayar da jirgin, bai dawo aiki ba sai Disamba. Hanyar mota ta Kaduna kuwa kowa ya san halin da take ciki a lokacin. Zuwa ya tsaya, kai ta gida ma ya tsaya.

To ga yadda ranar Inna ta koma. Ƙarfe shida da rabi ni na fita saboda cunkoso, maiɗakina malamar makaranta ce ita ma ta fita da yara, maigadi ya ja get. Daga nan har ƙarfe huɗu ko biyar ba mai yi mata sallama. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne amma kowa na bayan katangarsa, kuma yawancinsu ba sa jin Hausa. Yara in sun dawo akwai lesin akwai aikin gida akwai katun, Hausarsu ma ba ta nuna ba, sai ta ja ƙaramin ta ce zo nan angona me ka sayo min, ya tsaya yana kallonta bai gane wasan ba, ya zame ya gudu. Abincinta a kula ake ajiye mata, ta ci ita kaɗai. Matar da shekara 40 ba ta taɓa sa hannu a kwano ita kaɗai ba.

Akwai kuma abin da ban lissafa ba sam, wato kunyar ɗan fari. Inna tun ina yaro ba ta kama sunana, "kai wannan" take ce min, ba ta zama ta yi doguwar hira da ni, asali ma a ɗakin Hajiya Babba na fi tashi. To wannan kunyar ba ta fita don mun canza gari. In na dawo na shiga gaishe ta sai ta kawar da kai ta ce lafiya lau, ya aiki, Allah ya yi albarka, shikenan hira ta ƙare. Tsakaninta da maiɗakina kuma akwai nauyin surukuta, ita tana iya bakin ƙoƙarinta wallahi, ba ta taɓa gajiya da ita ba, amma Inna ba za ta iya sakin jiki ta yi gulmar unguwa da matar ɗanta ba. In ta ɗauki tsintsiya a karɓe a ce Inna ki huta. In ta shiga kicin a ce Inna ki huta. Da kyakkyawar niyya muka ƙwace mata duk wani abu da zai sa ta ji ana buƙatarta.

Abin bai zo lokaci ɗaya ba. Da farko barci ne ya ƙaurace, in na tashi cikin dare sai in ga hasken ɗakinta. Sai cin abinci ya ragu, a dawo da kula kamar yadda aka kai. Azumin shekarar ta yi shi ba tafsirin da ta saba zuwa, ba rabon ƙosai da kunu gidan maƙwabta, ranar sallah ta yi kwalliya ta zauna a falo tun safe tana jiran masu barka da sallah, mutum uku suka shigo duk yinin. Ban manta fuskarta ranar ba. Bayan babbar sallah sai ciwon jiki, yau gwiwa gobe baya jibi ƙirji, jini ya hau ya ƙi sauka har aka ƙara mata ƙwaya ta biyu. Zannuwanta suka yi mata yawa. Tafiya daga ɗaki zuwa falo sai ta dafa bango. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne mantuwa, ta yi sallah ta sake tambaya ko an yi la'asar, ta ajiye carbi ta yi ta nema, matar da ke riƙe lissafin adashen mata sama da 20 a kanta. A raina na ce shikenan gigin tsufa ya zo. Wasu 'yan uwa a waya suka fara cewa a nemi rubutu ko sammu ne, muka yi addu'o'i dai kamar yadda ya kamata.

Mun yi asibiti ba adadi, gwajin jini, gwajin suga, awon zuciya, hoton ƙirji, kuɗi sun tafi ba a ga wani abin kirki ba banda jinin. Sai ranar nan muka faɗa hannun wata likita Bahaushiya, babbar mace. Ta duba takardun duka ta ture su gefe, ta juyo ta gaida Inna da Hausa irin gaisuwar gida, ta tambaye ta 'yar ina ce, wace sana'a take yi da. Inna ta fara ba ta labarin ƙuli, yadda ake gane gyaɗa mai mai, wallahi sai da na ɗago kai na kalle ta don na yi watanni ban ji ta jera magana haka ba. Sai likitar ta juyo gare ni ta ce, "Malam, da wa Mama take hira in kun fita?" Na buɗe baki na rasa amsa.

Ta ce in fito waje, ta yi min bayani a tsaye. Ta ce ciwon damuwa a jikin tsofaffinmu ba kasafai yake zuwa da kuka ba, kuma ba za su taɓa ce maka suna cikin damuwa ba, da ciwon jiki yake zuwa da rashin barci da rashin ci da mantuwa, har a ɗauka gigin tsufa ne. Ta ce mutum in yana zaune shi kaɗai kullum jikinsa kamar a tsorace yake, sinadaran tashin hankali ba sa sauka, su suke riƙe jini a sama su hana barci. Ga shi wanda ba shi da inda zai je ba ya tafiya, tsoka ta saki, wanda ba shi da abokin ci ba ya ci, ƙwaƙwalwar da ba a tambayarta komai kuma sai ta yi sanyi. Ta duba kunnenta ma ta ce jinta ya ɗan ragu, shi ya sa hirar waya ba ta yi mata daɗi, tana ta "na'am? na'am?" har ta gaji ta miƙo wayar. Ta rubuta magani, amma ta ce min gaskiya maganin nan rabin aiki ne.

Ban yarda nan take ba, zuciya ta yi ta kawo min uzuri, ai tana cikin 'ya'ya da jikoki, ai ba abin da ta nema ta rasa. Daga baya ne, a 2023, na ci karo da rahoton da babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar a watan Mayu, inda ya ce rashin cuɗanya da mutane haɗarinsa ga rai ya kai na shan sigari har kara 15 a rana, yana ƙara haɗarin ciwon zuciya da kashi 29 cikin ɗari, na shanyewar ɓarin jiki da kashi 32, a tsofaffi kuma haɗarin cutar mantuwa da kusan kashi 50. A Nuwamban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti musamman kan wannan, ta ce kusan tsoho ɗaya cikin huɗu yana rayuwa a ware. Da na ji Ingila ta naɗa minista kan kaɗaici tun 2018, Japan ma ta yi a 2021, da can sai in ce wannan matsalar Turawa ce mu muna da zumunci. To ni a cikin gidana na gina wa uwata irin wannan rayuwar, da get da maigadi, ina ganin gata nake mata.

Abin da ya buɗe min ido gaba ɗaya ya faru ne a Janairun 2023. An yi wa Yayanmu haihuwa, jirgi ya dawo aiki, na ce bari mu je suna da Inna ko ta ga gida. Sai da na riƙe ta muka hau jirgin. Muka isa Tudun Wada da yamma, muna yin sallama Hajiya Babba ta fito daga ɗaki tana dogara sanda, ta tsaya ta ƙare wa Inna kallo, sai ta ce "ke kuma haka suka mayar min da ke?" Inna ta ce "Yaya" kawai, sai suka rungume juna suna kuka, mu duka muka yi tsaye cirko-cirko. Sannan Hajiya ta juyo kaina, ita da ta goye ni ba kunya tsakaninmu, ta wanke ni tas a gaban mutane, ta ce ka ɗauke ta ka kai ta ka kulle kamar kaza, me ta yi maka? Ban ce uffan ba don gaskiya ta faɗa.

Daren nan a ɗaki ɗaya suka kwana. Ina daga zaure ina jiyo su har wajen ƙarfe ɗaya, wance ta aurar da 'yarta, wane ya rasu, gidan su wance an rushe an yi shaguna, har da musu kan shekarar da aka yi wani biki, kowacce ta kafe kan nata. Da safe matar Yaya ta ce min tuwon dawa miyar kuka suka ci a kwano ɗaya, Inna har da neman ƙari. Ranar suna matan tsohon layinmu suka zo, kafin azahar na ga Inna a bakin murhu tana nuna wa masu waina yadda za su rage wuta, ba wanda ya riƙe ta. Matar da kwana uku da suka wuce take dafa bango. Ba ina cewa ta warke a kwana uku ba ne, ramar na nan, ciwon gwiwa na nan, amma mutum ya dawo cikin idonta.

Ashe ita ma Hajiya Babba, Yaya ya faɗa min, tun da aka raba su ba ta da lafiya sosai, kullum sai ta ce ko ya waccan take a can. Dama Hausawa sun ce sabo ake wa kuka. Mu yara faɗan kawai muke gani, ba mu ga cewa su biyun nan ne kaɗai suka rage da suka san Baba yana saurayi, suka san wace ta yi wa wace wankan jego, wace ta riƙe wa wace yara ranar da ta binne nata.

Da lokacin komawa ya yi na shiga na durƙusa na ce Inna jibi za mu koma. Ta yi shiru, ta kawar da kai yadda ta saba, ta ce "kai wannan, in ba takura, da ka bar ni na kwana biyu." Tunda nake ban taɓa jin ta roƙe ni komai ba sai ranar. Na fita na zauna a mota na yi kuka mai isata.

Muka zauna da Yaya da ƙanwata. Aka gyara ɗakin da ke jikin na Hajiya, na haɗa kuɗi aka yi banɗaki da ɗan rumfa. Magana kuwa na sha ta, wasu suka ce na kasa riƙe uwata, wasu suka ce matata ce ta kore ta, wannan ya fi min ciwo don baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba, ta yi kuka sosai a kan haka. Na daure. Na sayo wa Inna buhun gyaɗa da hannuna, ni da na hana ta sana'ar. Ba ta iya matsa yanzu, wasu 'yan mata biyu na maƙwabta ke yi tana zaune a kujera 'yar tsuguno tana ba da umarni tana karɓar kuɗi. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, wani watan ma faɗuwa ake, ban damu ba, abin da nake saye da kuɗin gyaɗar nan sallamar da ake yi mata ce. Ta koma islamiyya, an sake ba ta riƙon adashe. Cikin 'yan watanni barci ya dawo, jiki ya murmure, jinin ya daidaita har likitan da ke dubata a can ya mayar da ita ƙwaya ɗaya. Maganin ba ta daina ba kuma ba zan ce wa kowa ya daina nasa ba, duk wata ana kai ta awo. Mantuwar ta ragu sosai, sai 'yar wadda shekaru ke kawowa.

Ba ina cewa kowa ya bar iyayensa a gida ba fa, akwai tsohon da ba shi da kowa a can, akwai wanda jinya ta sa dole sai an ɗauko shi, akwai garuruwan da rashin tsaro ya tashi mutane ba da son ransu ba. Abin da na ce wa abokin aikina shi ne ya tambaye ta tukuna, kuma kar ya yarda da "duk yadda kuka yi", ya sa wadda ba ta jin kunyarta ta tambaye ta. In kuma dole sai ta zo, to kafin katifa da firji ya nemo mata islamiyya da sa'o'inta, ya bar ta ta yi shara in tana so, ta yanka alayyafo, ta yi faɗa in miya ta yi gishiri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda yake son a yalwata masa arziki a tsawaita masa kwana to ya sada zumunci. Na san hadisin tun ina makarantar allo, amma sai a kan Inna na gan shi da idona.

Ni ma nawa zumuncin sai da na gyara, da na ɗauka tura kuɗi ta waya ya wadatar. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka, zuwa Zariya da iyali ba wasa ba ne, amma na yanke duk ƙarshen wata sai na je ko ni kaɗai, hutun makaranta kuma can nake kai yaran su yi sati biyu. Ƙaramin yanzu ya iya amsa mata, in ta ce angona ina kuɗin cefane sai ya ce sai ta yi masa ƙuli mai suga tukuna.

Hajiya Babba ta rasu a 2024 bayan babbar sallah, a hannun Inna ta cika, ita ce ta riƙa laƙƙana mata kalmar shahada. Na ji tsoro ƙwarai, na ɗauki hutu na yi sati biyu a can ina lura da ita. Jinin ya hau, ta yi kwanaki ba ta ci sosai, amma ɗakinta bai taɓa zama ba mutum ba, matan islamiyya da na adashe suka yi ta karɓa-karɓa, wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta cikin birni ta tare a wajenta har aka yi arba'in. Ranar da zan tafi na tambaye ta ko za ta bi ni ta ɗan huta, ta girgiza kai ta ce akwai kwasar adashe ranar Juma'a, kuma jikokin Yaya ba wanda zai riƙa duba su in uwarsu ta fita. Har yanzu takan kai hannu ta ɗauko kwano biyu in za a zuba abinci, sai ta tuna ta mayar da ɗaya.

Dan Allah duk wanda ya karanta ya sa Baba da Hajiya Babba a addu'a, Allah ya jiƙansu ya sa Aljanna ce makomarsu, ita kuma Inna Allah ya ƙara mata lafiya.